Ƙuri'ar Tela

Ranar Juma'a, 14 ga Janairu, 1966, kwana goma sha biyar cif da rantsar da shugaban Filifin na shida tun 'yancin ƙasar, ina zaune a tashar motar Jidda da ke Makka. Kusa da ni akwai wani dattijon tela rungume da keken ɗinki, da wata tsohuwa mai sayar da tazbaha.

Tsohuwar ta ce, "Alhaji, ina zuwa da kaya haka?"

"Kano, Hajiya. Na sayar da shagona na unguwar Utaibiyya."

"Bayan shekara nawa?"

"Talatin da ɗaya. Wani alhajin Filifin da nake wa ɗinki ya ƙirga mini shugabanninsu. Biyu Allah ya karɓi ransu a kan mulki. Uku kuwa talakawa suka ce ya isa haka, su kuma suka tattara suka koma gida."

"Hakanan? Ba a zare takobi ba?"

"Takarda kawai suka jefa a akwati. Tun ranar nake ganin kaina a Fagge cikin farar riga, ina bin layi da tawa takardar. An ce mu ma yanzu haka ake yi."

"Tayyib, na ji. Kai da za a binne ka kusa da Harami, za ka bar shi don akwati?"

"Sau ɗaya dai, Hajiya, a tambaye ni wa nake so."

Motar ta cika, telan ya shiga.

Washegari, Asabar, sojoji suka kifar da gwamnatin Nijeriya.