Jan Fenti a Bangon Gidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni dattijo ne daga Garhanga. Shekara talatin na yi a wani birnin kurmi. Can na yi aure, na gina gida, duk ɗan Adar da ya sauka tasha wurina ake kawo shi. Bara aka fara aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metiro. Ma'aikata suka shafa jan fenti a bangona, suka ce nan za a haƙa. Ina tsaye katafila ta ture ɗakin da matata ta rasu a ciki.

Na ce wa ƴaƴana mu koma gida. Babbar ta ce, “Baba, gidanmu ai shi ne wanga da aka rushe. Ba mu san Garhanga ba.”

Ni kaɗai na dawo. Tsarana sun ƙare, yaran gari baƙo suke ce mini.

Jama'a, ku ba ni shawara. In koma in kama haya kusa da ƴaƴana, ko in zauna inda iyayena suke kwance? Ina gaida maƙwabtana na can, duk inda kuka watse.