Jikokin da Aka Ɓoye Ranar Ƙidaya

A tashar motar Kazaure, shekarar da fari ya ci ƙasa, Sama'ilu mai haƙa wa gwamnati rijiya yana jiran motar Gwiwa. Wata tsohuwa Bafillatana ta ƙura wa digarsa ido.

"Ɗan nan, ku ne masu haƙa rijiya?"

"Mu ne, Inna."

"To me rugarmu ta yi muku? Kun haƙa wa maƙwabtanmu, mu kun tsallake mu. Hatsin agaji ma abin da aka kawo mana bai taka kara ya karya ba."

"Inna, ba mu ke zaɓa ba. Yawan jama'a ake dubawa, can ake kai ruwa da hatsi. Ku kuwa da masu ƙidaya sun zo, sai ku kora yara daji."

"Ɗa ana ƙirga shi kamar buhun gyaɗa? Ko shanu ba ma faɗin yawansu, kada baki ya kama su. Jikokina bakwai, na ce musu uku, sauran na tura su bayan dutse."

"To kin gani? Ruwan mutum uku aka lissafa miki!" Ya ji muryarsa ta yi kaifi, ya sassauta. "In sun dawo, ki faɗa musu gaskiya."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ruwan kududdufi muka sha da bazara, gudawa ta shigo ruga. In sun dawo, ɗan nan, ukun zan sake ce musu. Wannan karon ba wanda zan tura bayan dutse."