Takalmin Roba Zuwa Shendam

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma a tasha na tsince shi, nan Jos, ina zaune da littafina ina sauraron hirar mutane a ɓoye.

Wata dattijuwa na rungume da dogon takalmin roba, wani magidanci ya dube ta.

"Inna, damina ta wuce, wannan fa?"

"Na maigidana ne, yankan shinkafa yake a Shendam. Can zafi, ga kububuwa ko'ina."

"Ni ma can za ni, amma mu mun sha maganin maciji."

"Shi ma ya sha. Kwana tara muka yi a asibiti."

Ya kalli silifas ɗinsa.

"Inna, ina ake sayarwa?"

"Ba ka sha magani ba?"

"Na sha. Macijin ne ban tabbata an gaya masa ba."

Dariya ta kusa tona ni, na rufe littafina na sulale.