Tagogin Gidan Ƙarshe

A tashar bas ta unguwar Whalley Range, can ƙasar Turawa, Hajiya Raki ta ji wani ɗalibi yana mita da Hausa, yana hararar jerin tsofaffin gidajen jan bulo.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Sanyi ne, Hajiya. Kansil, hukumar garin nan, ta rufe laburarenmu inda muke samun ɗumi, amma tagar katakon gidanmu mai shigo da iska ta hana a canza. Wai gidajen tarihi ne."

"Wanne ne naku?"

"Na ƙarshe, mai baka a saman ƙofa."

Ta daɗe tana kallon gidan. "Nan muka sauka da marigayi maigidana. Tsohon zanena yake cusawa a tagar don tare iska."

"Da an rushe su kowa ya huta."

"Gidan mahaifina a Kano an rushe, har zauren, an yi shaguna. Wannan kaɗai nake iya nuna wa jikokina."