Telan da Ya Daina Buga Ƙarfen Gado

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masana halayyar ɗan Adam, malamaina da suka rage a raye, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai da aka tilasta wa zuwa da waɗanda suka zo don kansu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni minti ashirin, duk da an san halina. An ce in yi magana a kan dangantakar mazhabobi biyu, ta masu auna gaskiya da amfaninta, da ta masu cewa ɗabi'a zalla ita ce abin nazari. Zan yi. Amma ku sani tun yanzu, akwai wata nas da aka dakatar daga aiki saboda ta karya wani tsari da ni na rubuta, kuma ranar Talata kwamitin ladabtarwa zai zauna a kanta. Uku daga cikin 'yan kwamitin suna zaune a layin gaba, ina ganinsu.

Abu na farko, inda mazhabobin suka haɗu. Ta farko ta ce kada ka tambayi ko magana ta dace da wata gaskiya da ke rataye a sama. Ka tambayi me ta haifar da aka yi aiki da ita. Ta biyu ta ce kada ka ce mutum ya yi abu don zuciyarsa ta so, alhali ba ka ga zuciyar ba. Ka dubi abin da ya faru kafin ya yi, da abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Ba ta musanta tunani ba, yadda ɗalibai ke rubuta mana a jarrabawa. Cewa ta yi tunani ma ɗabi'a ce, sai dai mutum ɗaya ne kawai ke ganinta. Dukansu biyu sun gaji da gardamar da ba ta canza komai, dukansu biyu kuma da sakamako suke hukunci. Shekara talatin ina koyar da cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Abu na biyu, inda suka rabu. Wannan a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki na koye shi.

Akwai wani tsohon tela a gado na shida. Bakinsa ya mutu, hannun dama ya mutu, na hagu ne kawai ke motsi. Ya tsiri ɗaukar cokali yana buga ƙarfen gado, sau uku ko huɗu a wuni, bugun da ke hana kowa sakat. Aka kira ni. Na kawo fom ɗinmu mai gida uku, wanda kowa a nan ya taɓa cikawa: kafin, lokacin, bayan. Mako biyu ana cikawa. Gidan "kafin" kullum abu ɗaya: ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo, shimfiɗarsa a bushe. Gidan "bayan" ma abu ɗaya: nas ta zo. Lissafi ya fita sarai, zuwan nas ne ladan bugu. Na rubuta cewa in ya buga kada wanda ya je, in ya yi shiru a je a gaishe shi. Cikin wata guda bugu ya sauko daga huɗu zuwa ɗaya. Na nuna zanen wannan sakamako a taro biyu, aka tafa mini.

Wata Laraba da azahar ya buga, Sista, wato nas ɗin da na ambata, ta ajiye faifan magani ta tafi wurinsa. Shugabar ɗaki ta kai ƙararta, don karo na uku ke nan. Na je da kaina na same ta, na ce, "Sista, kin san kina rusa aikin wata guda?"

Ta ce, "Dakta, ka yi haƙuri. Kai takarda kake kallo, ni idonsa nake kallo. In yana bugu ba ni yake duba ba."

Na ce, "To wa yake duba?"

Ta ce, "Ledar ƙarin ruwan baban da ke gado na bakwai."

Mutumin gado na bakwai ba ya motsi sam, ƙarin ruwa ake yi masa, kuma jijiyoyinsa sun yi wuyar samu. In leda ta ƙare ba a lura ba, jini ya koma cikin roba ya daskare, sai an sake huda shi sau biyar ko shida. Tela kuwa fuskarsa can take kallo wuni guda. Na koma na jera fom ɗinmu da takardar canjin ledar maƙwabcinsa. Lokutan sun zo daidai, kusan duka. Fom ɗin bai yi ƙarya ba. Ya tambayi abin da ya sami gado na shida ne, ba shi da gidan da za a rubuta gado na bakwai.

Jama'a, tsarina ya yi aiki. In aiki shi ne a hango ɗabi'a kuma a sarrafa ta, ya yi aiki. Amma mazhabar amfani tana da tambayar da ba ta bari a tsallake: aiki ga wa, kuma wa ya zaɓi abin da za a kira nasara? Ni na zaɓa, kuma shiru na zaɓa, don shiru ne ya fi mana daɗi.

Abu na uku, ba zan ɗora wa mazhabar ɗabi'a laifin da ba nata ba. Ita ce ma ta ce mai nazari shi ma halitta ce da lada ke juyawa. Da na bi ta har ƙarshe, da na buɗe wa kaina fom. Ladana shi ne a tafa mini, ladan ma'aikata kunne ya huta. Mu aka horar, muna zaton mu ke horarwa.

Saboda haka, 'yan kwamiti, ga abin da nake roƙo a gaban shaidu. A takardar tuhuma an rubuta cewa ta saɓa wa umarnin ƙwararre. Gaskiya ne, ta saɓa. Ni ne ƙwararren. In akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya ranar Talata, ku sa sunana a saman nata, zan zo da takardun biyu. Ku mayar da ita bakin aikinta.

Jiya na leƙa ɗakin. Tun da aka dakatar da ita babu wanda ya amsa bugun ko sau ɗaya, an bi tsarina yadda na rubuta. Ledar gado na bakwai ta ƙare ina tsaye. Tela ya kalli ledar, ya kalle ni, cokali na hannunsa. Bai buga ba. Ina jin kunyar wannan fiye da komai a aikina.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya ba kwamiti ikon yin adalci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.