Jan Hasken da Ya Hana Paki Ruwa

INNA: Salamu alaikum? Zariya ce? Kai yaro, kana ji na?

AUWALU: Amin, alaikumus salam. Inna? Ke ce a waya? Ina wuni?

INNA: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya aiki?

AUWALU: Da godiya. Ya Baba da ƙafar? Su Bilki fa?

INNA: Da sauƙi. Suna gaishe ka. Abin nan sai ƙara yake kamar gyare!

AUWALU: Matso da shi kunne. Me ya kawo ki gidan wayar Ikara tun daga Paki?

INNA: Injin nan da kuka kafa a bayan gari. Har yau ba ruwa, shuka ta fara ƙonewa. An ce jan haskensa ne ke huda hadari. Gobe bayan roƙon ruwa samari za su farfasa shi.

AUWALU: Inna lillahi! Aikina ke nan fa, Inna!

INNA: Shi ya sa na je ƙofar mai gari, gaban dattawa, na ce mai injin ɗana ne, ba ya cuta.

AUWALU: Ke? Ke da ko sunana ba ki faɗa saboda kunyar ɗan fari?

INNA: Rufe min baki! Mata har yanzu dariya suke min. Gaya min gaskiya, kar in ji kunya biyu.

AUWALU: Kin san yadda rana ke shigowa ta hudar jinka, ki ga 'yan abubuwa na yawo? Haka yake. Hasken ya hau, ya bugi abin da ke cikin iska, ya dawo. Daga dawowarsa muke gane hayaƙin dafa mazarƙwaila ne, ko ƙura, ko raɓar hadari. Kallo kawai yake.

INNA: Ba ya taɓawa?

AUWALU: Ko kaɗan. Da safen nan Ilisha, abokin aikina, ya aiko cewa laima ta ƙaru a sama.

INNA: Yanzu a kunne yake?

AUWALU: A kunne. Inna? Layin ya lalace, wata ƙara nake ji…

INNA: Ba layi ba ne, ɗan nema! Kwanon rufi ne! Ga shi ya sauko, har ta wajen Paki ya rufe! Alhamdu lillahi! Auwalu, ruwa! Auwa…

AUWALU: Me kika ce? Sake faɗa, Inna!

INNA: Ban ce komai ba. Mai waya, karɓi abinka.