Wa Ya Goge Sunan Ruƙayyatu Mai Halawa?

Jama'a, a cikinku wa ya taɓa ganin sukari ya yi aski? Ku yi haƙuri, bakina ya riga ladabina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban kwamitin wannan cibiya ta koyar da mata sana'a, Baba Datti. Iyayenmu mata da ke can bayan rumfa. 'Yan uwana matasa da suka baro ban ruwan tumatir suka zo: ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manya. Sunana Taufiq ɗan Hammadu. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake sai da na roƙa sau uku.

Yau an buɗe ɗakin ɗinki, an buɗe na saƙa, an buɗe na sabulu. Ɗaki na huɗu ga shi can da kwado. Na yayata Ruƙayyatu ne, wadda ta yi shekara biyu a Maiduguri tana koyon cire gashin jiki da halawa. 'Yan mata ashirin da uku suka ba da suna za su koya a hannunta, sai aka wayi gari an goge sunanta daga jerin masu koyarwa, wai sana'arta tana ƙona mata.

Na farko, bari in faɗi abin da idona ya gani, don gani ya kori ji. Sukari ne, da lemon tsami, da ɗan ruwa, a kan garwashi. Ba ta da ma'auni sai ido. Tana tsaye a kansa har ya koma launin zuma, ta juye a faranti, ta bar shi ya huce. Sannan ta ɗauka ta yi ta ja tana naɗewa, tana ja tana naɗewa, har ya yi sheƙi kamar zinare a tafin hannunta. Ni da na raina abin, na ce, "Yaya, alewa ce za ki raba mana?" Ta ce, "Kai da reza ta mayar da haɓarka gonar ƙaya, miƙo hannu." Ta fara ɗora shi a wuyan hannunta, sannan ta shafa a nawa, ta fizge. Wallahi na yi ihun da kajin maƙwabta suka watse! Amma da na duba, ga gashi nan jere a jikin halawa, kowane da saiwarsa, kamar an cire irin shinkafa za a kai dashe. Babu yanka, babu jini. Ga hannun, ku duba: mako uku ke nan, ko tsiro babu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanya wannan hikima a cikin abin da muke zubawa a koko!

Na biyu, masu cewa haramun ne. Ban yi makaranta mai zurfi ba, a gindin famfon ban ruwa na koya wa kaina karatu, amma na karanta cewa tsige gashin hammata yana cikin tsaftar da aka sunnanta. Mata take yi wa, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Tana cire gashin ƙafa da na hannu, da na haɓar macen da yake hana ta ɗaga kai a cikin 'yan uwanta. Gira kuwa, ko an roƙe ta ba ta taɓawa. In na yi kuskure, ga Malam Liman, ya gyara mini.

Sai maganar ƙuna. E, Baraka maƙwabciyarmu ta ƙone a ƙwauri, kuma da izininta da na mijinta nake faɗa. Sau ɗaya ta ga ana yi, ta koma gida ta dafa nata. Mu nan mutanen rake ne, abin da muka sani shi ne mazarƙwaila: da zafi ake zuba ta tun kafin ta daskare. Haka Baraka ta yi, daga kan wuta sai kan fata. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma sai aka kai bakin yayata. Wa ya yi kwana tara yana wanke ciwon? Ruƙayyatu. Wa aka kira aka tambaya? Ba ita ba, ba Baraka ba. In kuka bar kwadon nan a ƙofa, gobe wata ma za ta dafa a ɓoye, don rashin malami ne ya ƙona Baraka.

Allah ya ƙara wa Dagaci lafiya, ya ba Baraka sauƙi, ya albarkaci ruwanmu da amfaninmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Baba Datti, kai kamar uba ne a gare ni, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma Ruƙayyatu da Baraka suna can bayan rumfa, suna ji. Wa ya goge sunan, kuma da shaidar wa? Ba a zaure nake son amsa ba, a nan nake so, a gaban jama'a. Ga lasifikar, zan tsaya a gefe.

Na gode.